Fuskar Kaisar da Sunan Gari: Kwabban Tagulla na Lardunan Daular Rum

Mafi yawan abin da aka sani game da sarakunan Daular Rum daga littattafan mutanen fada ya fito, watau 'yan Majalisar Dattawa da malaman da idonsu yake kan sarki da fadawansa. Mutumin lardi, wanda yake biyan haraji a Masar ko Sham ko Asiya Ƙarama, ba safai ake jin muryarsa a cikin waɗannan littattafai ba. Amma garuruwansa sun bar wata shaida wadda gara ba ta ci, ita ce kwabban tagulla da suka yi ta bugawa har tsawon shekara ɗari uku, tun daga zamanin Kaisar Agustas, wanda ya karɓi wannan laƙabi a shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, har zuwa ƙarshen ƙarni na 3 na Miladiyya. Garuruwa fiye da 500 ne suka buga irin waɗannan kwabbai. A galibinsu, gefe ɗaya yana ɗauke da kan sarkin Rum, ɗaya gefen kuwa yana ɗauke da sunan garin da abin da mutanensa suke taƙama da shi. Wanda ya iya karanta gefen biyu tare zai ga irin zaman da aka yi tsakanin mai mulki da waɗanda aka ci da yaƙi.

Kuɗin sarki da kuɗin gari

Kuɗin daula, watau wanda sarki yake bugawa a birnin Rum da kuma Liyon ta ƙasar Faransa ta yau, hawa-hawa ne. Akwai na zinariya, wanda ɗaya yake daidai da dinari 25 na azurfa. Dinari ɗaya kuma yana daidai da ƙananan kwabbai 16 na jan ƙarfe, waɗanda ake kira as. Da azurfa ake biyan soja, da ita ake karɓar haraji. Sojan runduna a zamanin Agustas dinari 225 yake samu a shekara. To, amma mai sayen burodi ko kifi ko man zaitun na yini ɗaya ba dinari zai miƙa ba, canji yake bukata. Gwamnatin Rum kuwa ba ta ɗora wa kanta nauyin kai canji kowace kasuwa ba, musamman a gabashin daular, inda garuruwan Girkawa suka riga suka saba da buga kuɗinsu ɗaruruwan shekaru kafin Rumawa su iso. Sai aka bar su da abin da suka saba. Zinariya ta zama ta sarki, azurfa ma kusan dukanta tasa ce, tagulla kuwa ta gari.

A nan akwai bambanci da abin da aka gani a Afirka ta Yamma a zamanin mulkin Ingila. Anini da kwabo mai huji da sule galibi a Ingila ake buga su a kawo, ba a taɓa ba Kano ko Kumasi damar sa sunanta a kansu ba. Rumawa, duk da zafin takobinsu, sun bar ƙaramin gari a cikin duwatsun Asiya Ƙarama ya rubuta sunansa da harshen Girkanci a kan kuɗin da ake kashewa a kasuwarsa.

Aikin bugun da hannu ake yinsa. Ana narka jan ƙarfe a gauraya da kuza, sau da yawa har da dalma, a zuba shi ƙanana-ƙanana. Sa'an nan a kafa hatimi ɗaya a kan uwar maƙera, a ɗora ƙarfen, a sa hatimi na biyu a sama, a doka da guduma. Saboda haka ba a samun kwabo biyu da suka yi daidai sak, wani ya karkace, wani rubutunsa ya fita gefe. Wani masani Bajamushe, Konrad Kraft, ya nuna a littafinsa na 1972 cewa sau da yawa hatimi guda mai ɗauke da kan sarki shi ne aka yi amfani da shi wajen buga kuɗin garuruwa dabam-dabam. Wannan ya nuna cewa akwai maƙeran da suke karɓar aiki daga garuruwa da yawa, su sassaƙa kan sarki sau ɗaya, kowane gari kuma a yi masa nasa bayan.

Me gari yake samu a wannan aiki? Wani rubutu da aka sassaƙa a dutse a garin Sestos, tun kafin zamanin Kaisarori, ya ba da dalili biyu: domin tambarin garin ya yi yawo a hannun jama'a, da kuma domin baitulmalin garin ya ci riba. Yadda ribar take zuwa ya fito fili a wata wasiƙa da ake danganta wa Sarki Hadiriyan zuwa ga mutanen Fargamum. 'Yan canjin da garin ya ba izini suna sayen dinari a kan kwabo 17, su sayar da shi a kan 18, garin kuma yana da kaso a cikin ribar. Aka kuma wajabta cewa ƙananan kaya irin su kifi da tagulla za a saye su, don kada mutane su haɗa kuɗi su biya da azurfa su kauce wa teburin canji. A garin Milasa, a zamanin Saftimiyas Seferus, an kafa doka a kan masu canjin bayan fage: ɗa ya biya tara, bawa a yi masa bulala a kuma ɗaure shi. Ashe dai kasuwar bayan fage ta girmi kowace gwamnati da take kuka da ita a yau.

Yadda kan sarki ya hau kwabo

A birnin Rum kansa, sa hoton mai rai a kan kuɗi abin ƙyama ne a da, domin alamar sarauta ce, Rumawa kuwa sun daɗe da korar sarakunansu. Yuliyas Kaisar ya yi haka a farkon shekara ta 44 kafin Miladiyya, a watan Maris na wannan shekara aka kashe shi. Bayan Agustas ya ci Antoni da Kiliyofatara a yaƙin ruwa na Aktiyum a shekara ta 31, al'amari ya sake. Kafin ya mutu a shekara ta 14 Miladiyya, garuruwa kimanin 200 sun sa kansa a kuɗinsu. Abin lura shi ne, ba a sami wata doka da ta tilasta musu haka ba, kuma akwai garuruwan da ba su bi sahu ba. Atina ba ta sa kan wani Kaisar a kwabbanta ba, haka ma tsibirin Kiyos, ba a kuwa ji an hukunta su ba. Ya fi kama da cewa manyan gari ne suka ga inda iska take kaɗawa suka juya. Su ne 'yan majalisar garin, su ne masu gonaki, sunayensu ne suke fitowa a gefen kwabo, wani lokaci har da kalmar da take nuna cewa wane ne ya biya kuɗin bugun daga aljihunsa kyauta ga garin. Mutum ya ga sunansa a ƙarfe ɗaya da na Kaisar ba ƙaramar ɗaukaka ba ce.

Wasu garuruwan Andalus da kuma Koranti sukan rubuta cewa da izinin sarki aka buga, abin da yake nuna cewa neman izinin ma wata hanya ce ta kusantar fada.

Misalin da ya fi shahara daga farkon zamanin shi ne kwabon garin Nim a kudancin Faransa. A gabansa akwai kawuna biyu sun juya wa juna baya, Agustas da amininsa Agiriffa, wanda ya jagoranci jiragen yaƙi a Aktiyum. A bayansa an zana kada an ɗaure shi da sarƙa a gindin dabino. Ba a bukatar tafinta: kada shi ne Masar, sarƙa kuwa ita ce mulkin Rum, wanda ya hau kanta a shekara ta 30. An buga wannan kwabo da yawa ƙwarai, kuma ana yawan samunsa a tsage biyu, domin idan canji ya yi wuya sai a sare shi tsakanin kawunan biyu, kowane rabi ya tafi da mutum ɗaya. Har yanzu kada da dabino su ne tambarin birnin Nim.

Garuruwan lardi sun fi birnin Rum sakin jiki wajen zaɓen wanda za su zana. Sun sa hoton Libiya matar Agustas tun mijinta yana da rai, alhali kuɗin daula bai yi haka ba. A wannan zamani har gwamnoni sun sami shiga. Garin Akulla, a gaɓar Tunisiya ta yau, ya buga kwabo da fuskar gwamna Farus, mutumin nan da Jamusawa suka hallaka tare da runduna uku a dajin Tutobag a shekara ta 9 Miladiyya. Wannan dama ta gwamnoni ba ta daɗe ba, domin gidan sarauta bai so abokin tarayya a fuskar kuɗi. Wani abin mamaki kuma shi ne na Oto, wanda ya yi wata uku kacal a kan gado a shekara ta 69. Ba a buga masa tagulla ko ɗaya a birnin Rum ba, sai a Antakiya da Iskandariyya. Wanda yake son ganin kansa a kan tagulla, dole ya nemi kuɗin lardi.

Ba kowane hoto ne ya yi kama da mai shi ba. Labarin sabon sarki yakan riga siffarsa isa gari, sai maƙeri ya ɗan gyara fuskar wanda ya gabata, ya rubuta sabon suna. Ga manomin da ba zai taɓa ganin Kaisar ba, wannan bai dame shi ba, sunan da kambin ganye sun isa.

Inda akwai sarkin gargajiya a ƙarƙashin Rum, sai a raba ƙarfen biyu. A Edesa, watau Urfa ta Turkiyya, ana ganin Saftimiyas Seferus a gaba, Sarki Abgar kuma a baya da doguwar hularsa ta sarauta. Wanda ya san tsarin mulki ta hannun sarakuna ba zai rasa gane wannan zama ba. A Yahudiya kuwa akasin haka aka yi. Saboda addinin Yahudawa ya hana gumaka da siffofin mutane, gwamnonin Rum ba su sa kan sarki a ƙananan kwabban da suka buga a can ba. Na Bilatus, waɗanda suke ɗauke da shekara ta 16 da ta 17 da ta 18 na mulkin Tibariyas, sunan sarki kawai suke da shi. Sai dai Bilatus ya zana ludayin zuba hadaya da lanƙwasasshiyar sandar masu duba na Rumawa, kayan da Bayahude mai kishin addini ba zai so ganinsu a tafin hannunsa ba.

Bayan kwabo: abin da gari yake faɗa game da kansa

Idan aka juya kwabon, nan ne muryar gari take. Afisa ta zana haikalin Artimis da gunkinta. Samirna, watau Izmir, ta zana mawaƙi Homa yana zaune da littafi, domin tana da'awar cewa ɗanta ne. Nabulus ta zana Dutsen Gerizim da matakalar da take hawa zuwa ƙololuwarsa. Iskandariyya ta zana doguwar hasumiyar fitila da take shiryar da jiragen ruwa, da Kogin Nilu a siffar dattijo kwance. Kuɗin Masar dabam yake da na sauran, domin hukumar lardin ce take buga shi, ba ya kuma fita waje, kuma kowane ɗaya yana ɗauke da shekarar mulkin sarki bisa lissafin Misirawa, wanda sabuwar shekararsa take kamawa a ƙarshen watan Agusta. Wannan ya sa masana suke amfani da shi wajen gane lokacin da labarin hawan sarki ko mutuwarsa ya isa Masar. A gaɓar Libiya ta yau, Labda da Sabrata da garin da ya zama Tarabulus sun sa kan Agustas da na Tibariyas, amma sunan gari da haruffan Finikiyawa, harshen kakanninsu, suka rubuta shi.

Kwabon da ya fi kowanne ba mai karatu mamaki shi ne na Afamiya a yankin Firijiya, inda garin Dinar na Turkiyya yake yanzu. Daga zamanin Saftimiyas Seferus har zuwa tsakiyar ƙarni na 3, wannan gari ya yi ta buga kwabo mai hoton akwati a kan ruwa, namiji da mace a ciki, tsuntsu ɗaya a kan rufin, wani kuma yana tahowa da reshe. A gefe ga mutanen biyu sun sauka sun ɗaga hannu sama. A jikin akwatin an rubuta haruffan Girkanci uku, sunan Annabi Nuhu. Laƙabin garin da ma ma'anarsa akwati, kuma Yahudawa sun daɗe da zama a yankin. Ga sarki mai bautar gumaka a gaba, ga jirgin Annabi Nuhu a baya, kuma majalisar garin ce ta yarda da haka, domin labarin ya ba garinsu tsufa da asalin da maƙwabta ba su da shi.

Asali da girma su ne abin da garuruwan nan suke kokawa a kai, kuma Kaisar ne alƙali. A shekara ta 26 Miladiyya garuruwa 11 na lardin Asiya suka aika da jakadu gaban Majalisar Dattawa suna neman a ba su izinin gina haikali domin Tibariyas. Samirna ce ta yi nasara, bayan ta tuna wa Rumawa cewa ta gina wa birninsu haikali tun shekara ta 195 kafin Miladiyya, lokacin da ba a san wanda zai mallaki duniya ba. Garin da ya sami irin wannan izini ana kiransa neyokoros, ma'ana mai hidimar haikali, kuma yakan rubuta a kwabonsa ko sau nawa ya sami laƙabin. Afisa da Samirna da Fargamum kowace tana kiran kanta ta farko a Asiya. Afisa ta kai ga rubuta sau huɗu a zamanin Elagabalus, amma da aka kashe shi a shekara ta 222 aka la'anci sunansa, sai ta koma uku. Wani mai hikima na ƙarni na 1, Diyo na Furusa, ya yi wa mutanen Nikomidiya faɗa a kan rigimarsu da Nikiya, ya ce suna kawai suke faɗa a kai, Rumawa kuma dariya suke yi musu, gwamnoni suna amfani da rigimar su zalunci kowa. Gaskiya ya faɗa, amma bai faɗi dukanta ba. Laƙabi yana jawo bukukuwa da wasanni da baƙi da ciniki, kuma rasa shi alama ce ta fushin sarki. A yaƙin basasa na 193 zuwa 194 Nikiya ta bi Nijar, Nikomidiya ta bi Seferus saboda ƙin maƙwabciyarta. Seferus ya ci, Nikiya ta rasa laƙabanta, har aka kankare su daga ƙofar garin. Antakiya ma, babban birnin Sham, an ƙasƙantar da ita aka sa ta ƙarƙashin Lazikiyya saboda laifi iri ɗaya.

Kankarewa ba ta tsaya a dutse ba. A garin Istaratonikiya an buga manyan kwabbai masu hoton 'ya'yan Seferus biyu, Karakalla da Geta, suna fuskantar juna. A ƙarshen shekara ta 211 Karakalla ya sa aka kashe ƙanensa a hannun mahaifiyarsu, ya kuma ba da umarni a shafe ambatonsa. Sai aka bi kwabban da suka riga suka shiga kasuwa, aka goge fuskar Geta, sau da yawa har aka doka ƙaramin tambari a kai. Da yawa daga cikin waɗanda suka rage a yau haka suke, Karakalla yana kallon fili. Aikin ya ci lokaci da ma'aikata, amma barin fuskar ya fi shi haɗari.

Yadda abin ya ƙare

A yammacin daular bugun garuruwa bai daɗe ba. Kafin tsakiyar ƙarni na 1 ya wuce, Andalus da Afirka ta Arewa sun daina, sun koma ga tagullar Rum. Shi ya sa Labda, wadda ta haifi Saftimiyas Seferus a shekara ta 145, ba ta buga wa ɗanta kwabo ko ɗaya ba. A gabas kuwa zamaninsa ne lokacin da bugun ya fi yawa, garuruwa fiye da 300 suna aiki. Har a tsakiyar ƙarni na 3 sabon gari yana iya shiga: Filibus Balarabe, wanda ya yi sarauta daga 244 zuwa 249, ya mayar da ƙauyensu Shahba na ƙasar Sham birni, aka buga masa kwabo da hoton mahaifinsa.

Abin da ya kashe wannan al'ada lalacewar azurfar sarki ce. Sarakunan ƙarni na 3 suna bukatar kuɗin biyan soja, sai suka yi ta rage azurfar da ke cikin kuɗinsu suna ƙara jan ƙarfe, har a zamanin Galiyenus, wanda ya mutu a 268, abin da ya rage bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Kuɗin da ake kira azurfa ya zama ɗan ƙaramin kwabo mai wankin azurfa. Babbar tagullar gari, wadda a ƙa'ida ita ce canjinsa, ta fi shi ƙarfe, ta kuma fi shi tsadar bugawa. Wasu garuruwan suka gwada doka tambarin lamba a kan tsofaffin kwabbai don ɗaga darajarsu, amma farashi ya fi su gudu. Ga kuma yaƙi: Farisawa sun kama Sarki Faleriyan da rai a 260, Gotawa sun shigo ta teku suna ƙone garuruwan Asiya Ƙarama. Attajirin da a da yake biyan kuɗin bugu don a ga sunansa, yanzu ganuwa ake nema ya gina. Garuruwa suka yi ta ajiye guduma ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe a Asiya Ƙarama shi ne Farga, a zamanin Sarki Tasitus, 275 zuwa 276. Iskandariyya ta ƙara kimanin shekara ashirin kafin gyaran Diyokiletiyan ya haɗa ta da sauran.

Tun a farkon ƙarnin marubucin tarihi Kasiyas Diyo ya sa wa wani mashawarcin Agustas magana a baki, cewa kada a bar wani gari da kuɗinsa ko mudunsa ko ma'auninsa. Diyokiletiyan ne ya cika wannan buri. Daga shekara ta 294 aka fitar da sabon kwabo iri ɗaya, da harshen Latin, ana buga shi a gidajen bugu na gwamnati daga Landan har zuwa Masar. Sunan gari ya koma 'yan haruffa a ƙasan hoto, alamar da mai binciken asusu zai gane gidan da ya yi aikin. Kawunan sarakunan huɗu da suke mulki tare a lokacin ma sun zama kusan iri ɗaya, kauri ɗaya, gemu ɗaya, sai an karanta suna ake bambanta su. Tagullar da ta biyo bayan wannan gyara ita ce daga baya aka sani da sunan follis a Rum ta Gabas. Larabawa suka ari kalmar ta zama fals, jam'inta fulus, kamar yadda suka ari dinari da dirhami daga kuɗin Rumawa da Girkawa, ta hanyarsu kuma kalmomin uku suka iso bakin Bahaushe.